Kundin aikin jagorar kula da masu gigin tsufa a Tawa

14 ga Janairu 2025

An buɗe wannan kundi don a riƙa rubuta inda aikin jagorar ya kwana, da abin da aka gwada ya ƙi, da dalilin ƙinsa. Jagorar ƙaramin littafi ce da Hausa, tare da saƙonnin murya, don ma'aikatan sa-kai na unguwa da ake kira rele, da matan da ke jinyar tsofaffi a gidajen Tawa da ƙauyukan Adar.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce: Nijar ƙasar yara ce, ina ruwanta da ciwon tsofaffi? Gaskiya ne kusan rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuma ba su cika 3 cikin 100 ba. To amma cikin mutum nawa? Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya, miliyan 3 da dubu 300 a jihar Tawa kaɗai, yau kuwa ƙasar ta haura miliyan 25. A 1960 tsawon rai a matsakaici bai kai shekara 40 ba, yanzu ya wuce 60. Daga shekara 65 kuma, yawan masu ciwon yana ninkawa kusan duk bayan shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da shi, fiye da 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A Afirka kudu da Sahara an ƙiyasta miliyan 2 da dubu 130 a 2015, ana sa ran su kai miliyan 7 da dubu 620 a 2050. Ke nan tsofaffin da za su kamu suna nan cikinmu yanzu, suna noma, suna cin kasuwa.

Zaman farko a kan sunan ciwon ya ƙare. Kowa ya san “gigin tsufa”, sai dai kalmar tana sa a ɗauka duk wanda ya manyanta haka zai koma, don haka ba a kai shi likita. “Ciwon mantuwa” ya nuna ciwo ne, amma ya taƙaita abin ga mantuwa, alhali ciwon yana cin magana da lissafi da gane hanya da hali. “Hauka” da “taɓuwa” an hana su gaba ɗaya. An tsaya a kan “ciwon gigin tsufa”, kuma layin farko na littafin zai ce: yawancin tsofaffi suna mutuwa da hankalinsu, wanda nasa ya gushe ciwo ne ya same shi a ƙwaƙwalwa.

5 ga Fabrairu

Gwajin ƙwaƙwalwa ya ci mana mako uku. Wanda aka saba da shi a manyan asibitoci yana sa mutum ya zana agogo, ya rubuta jimla, ya riƙa cire 7 daga 100. Dattijon da bai taɓa riƙe biro ba zai faɗi ko da hankalinsa garau ne. Saboda haka muka ɗauko gwajin IDEA, wanda aka tsara a yankin Hai na Tanzaniya don waɗanda ba su yi boko ba, aka kuma jarraba shi a Ibadan. Abu shida ne: bayyana abin da ake nufi da gada, lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, faɗin sunan mai gari, faɗin ranar mako, tuno kalma goma da aka karanta masa, da jera tsinken ashana huɗu yadda aka nuna. Maki 15 ne duka, 7 ko ƙasa da haka alama ce mai ƙarfi.

Tambaya ta farko ta karye tun ranar farko. Idan aka ce “mece ce gada?”, mutumin karkara yakan ce naman daji ce ƴar ƙarama mai gudu, kuma bai yi kuskure ba, don a rubuce kalmar ɗaya ce, a baki ma sautin murya kaɗai ya raba su. An mayar da ita “kadarko”, aka rubuta wa rele cewa duk amsar da ta nuna abin da ake bi a ƙetare ruwa ko kwazazzabo ta ci maki.

Sunan mai gari shi ma da gyara. Mutane da yawa ba su ambatar sunan yanka na basarake, sai laƙabi. Laƙabin ya wadatar.

Babban kuskuren namu ne. Mun ƙara tambayar “wa ye ɗanki na fari?” da “ya sunan maigidanki?” Tsohuwa ta yi shiru ta sunkuyar da kai, rele ya rubuta ta manta. Alkunya ce, ba mantuwa ba. An cire tambayoyin biyu, aka sa sunan auta ko na jika.

Ashana kuma a jera ta a kan baƙin ƙyalle, a inuwa mai haske, don mai yanar ido ba ya ganin farin tsinke a kan tabarma. Mai nauyin ji a zauna gabansa ya ga baki, a yi magana a hankali, ba da ihu ba. Makin dai don a san wanda za a tura likita ne, ba rele ne zai yanke cewa mutum yana da ciwon ba.

Hira da mai jinya ta fi gwajin amfani, amma sai an keɓe. Suruka ba za ta faɗi aibin uban mijinta a gabansa ba. A tambaye ta: tun yaushe? Yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda? Ya taɓa ɓata tsakanin gida da masallaci? Yana rikita canji a kasuwa? Yana sake sallar da ya riga ya yi, ko raka'o'i suna kuɓuce masa? Idan mace ce, ta bar tukunya ta ƙone, ko ta zuba gishiri sau biyu, abin da ba halinta ba? Abin da ake nema shi ne lalacewa a hankali, ta wata shida ko fiye, wadda ta hana aikin da mutum ya iya da.

Shekaru kuwa, katin ɗan ƙasa ba koyaushe yake faɗin gaskiya ba. A auna da abin da ya faru: yana ina lokacin samun mulkin kai a 1960, ko ta yi aure kafin Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974.

26 ga Fabrairu

Azumi saura kwanaki, don haka aka gabatar da shafin da muke ganin ya fi kowane ceton rai: bambanci tsakanin gigin tsufa da ruɗewar farat ɗaya. Gigin tsufa wata da watanni yake tafiya. Idan dattijo jiya lafiya, yau ya tashi yana sambatu, bai san inda yake ba, da safe ya ɗan dawo da dare ya rikice, ko ya yi likimo yana ta barci, wannan wani ciwo ne a jiki ya taɓa kai, kuma yawanci yana da magani. A kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin yanki, a ranar, kada a jira kasuwa ta ci.

Abin da majo, wato babban ma'aikacin jinya na CSI, zai duba an jera shi: gwajin masassarar cizon sauro a yatsa, zafin jiki, numfashi da tari, fitsari, sukari, tansiyo (awon hawan jini). Tsoho yana iya ɗauke da ciwon huhu ko na mafitsara jikinsa bai yi zafi ba, ruɗewar ce kaɗai alama. Sukari idan ya sauka ƙasa da giram 0.70 a lita kuma yana iya haɗiya, a narka ƙwayar sukari uku a ruwa a ba shi nan take. Masu shan glibenclamide, maganin ciwon sukari, su ne wannan ya fi kamawa, musamman idan sun sha magani ba su ci abinci ba. Namiji da mararsa ta kumbura ta yi tauri, fitsari ya ƙi fita, robar fitsari yake bukata. A kuma tambaya ko ya faɗi ya bugi kai, ko da sati uku ko huɗu da suka wuce, don jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai. Wannan sai babban asibiti da hoton kai.

Mai gigin tsufa ya fi kowa saurin shiga wannan ruɗewa, don haka idan ya tsananta kwatsam kada a ce ciwonsa ne ya ƙaru.

Game da azumin kansa, malamai sun yi mana bayani cewa wajibcin ibada yana tare da hankali. Matsalar a aikace ita ce dattijon da ya saba azumi shekara sittin zai ƙi ruwa idan ya ga gida na azumi, ko ya ci ya manta ya shiga damuwa. Shawarar littafin: a nemi limamin da yake jin maganarsa ya faɗa masa da bakinsa, kuma a ba shi abinci a keɓe ba tare da tuna masa watan ba.

10 ga Afrilu

Zafi ya haura 40. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, mai gigin tsufa kuwa ko ya ji ba lallai ya nema ba. Da farko mun rubuta “a ba shi ruwa da yawa”, aka ga ba wanda ya san yawan. Yanzu ga yadda yake: da safe a cika gorar lita ɗaya da rabi a ajiye ta tasa ce, a riƙa zuba rabin kofi ana miƙa masa a hannu duk awa, gorar ta ƙare kafin magariba, a kwanakin zafi a ƙara rabin gora. Kunu da fura mai ruwa suna cikin lissafi. Mai ciwon zuciya ko ƙoda likita ne zai faɗi nasa adadin. Fitsari kaɗan mai duhu, busasshen harshe da jiri idan ya miƙe, alamun ruwa ya yi ƙasa ne.

An ƙara wani mataki a kowace ziyara, muna kiransa juye leda: a kawo duk maganin da ke ɗakin, na farmasi da na masu talla a kan tire, a zube a tabarma. Waɗanda ke dagula ƙwaƙwalwar tsoho su ne diazepam, promethazine, chlorpheniramine da ke cikin ƙwayoyin mura, amitriptyline, Artane da tramadol. Iyali sukan sayi diazepam don tsoho ya yi barci su huta, sakamakon kuwa faɗuwa ne da karayar ƙugu da ƙarin ruɗewa. Rele ba zai zubar da komai ba, zai rubuta sunayen ya kai wa majo, domin wanda ya daɗe yana shan diazepam idan aka yanke masa lokaci guda yana iya yin farfaɗiya. Sai a rage a hankali.

Maganin da ke warkar da ciwon babu shi, kuma mun ƙi sassauta wannan magana. Donepezil, da ake farawa da miligiram 5 a kai 10 bayan aƙalla sati huɗu, yana ɗan rage alamu ga wasu masu cutar Alzheimer, wadda ita ce 60 zuwa 70 cikin 100 na ciwon, amma ba ya tsayar da ita, yana kuma kawo tashin zuciya da gudawa da rage bugun zuciya. Kuɗin da ƴaƴa ke aikowa daga waje a sayi kwalaben “ƙarin ƙwaƙwalwa”, a ganinmu ya fi kyau a kashe shi wajen cire yanar ido, da maganin tansiyo, da katifa da sabulu.

15 ga Mayu

Shafin rigakafi gajere ne. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abu 14 a 2024 waɗanda idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan 45 cikin 100 na ciwon. Daga ciki akwai rashin karatu tun yarinta, kurumta, raunin gani, hawan jini, ciwon sukari, taba, bugun kai, kaɗaici da gurɓatacciyar iska. Wanda ya fi kusa da hannunmu shi ne hawan jini, don shi ke toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya kawo nau'in da ke sauka mataki-mataki, sau da yawa bayan shanyewar ɓarin jiki.

Awon rele ya riƙa saɓa wa na CSI, aka bi diddigi: ana auna mutum yana shigowa daga rana, yana cikin gaisuwa, hannu a rataye. Ƙa'ida: ya zauna minti biyar, ba magana, hannu a kan abu daidai ƙirji, a auna sau biyu, a sake wata rana. 14 bisa 9 (wato 140 bisa 90) ko sama a ranaku biyu, a tura. Maɗauri mai faɗi a siririn hannu yana nuna ƙasa da gaskiya, matsattse a kakkauran hannu yana nuna sama. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Maganin tansiyo ba a barinsa don an ga awo ya sauka. Shi ne ya saukar da shi.

3 ga Yuli

Damina ta sauka, gida ya koma gona, tsoho ya rage da yara. Lokacin ɓata ke nan.

Shaidar da za a sa masa ta sha gyara sau uku. Katin roba a wuya, cire shi ake yi a yar. Muka sa aka ɗinke lambar waya cikin fata kamar laya, ya zauna a jiki lafiya, amma babu mai tsintar tsoho ya farke masa laya, don haka lambar ba ta karantu. Abin da ya yi shi ne farin ƙyalle mai faɗin tafin hannu, a ɗinka a bayan riga ƙasan wuya ta waje, ko a gefen zane, a rubuta sunan unguwa da lambar waya biyu da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa. A sa a duk tufafin da yake sawa, ba ɗaya ba.

A rataya gwangwani da tsakuwa a ƙyauren zaure don a ji motsi da dare. A sanar da mai shago, da mai shayi, da ƴan kabu-kabu na bakin layi. Idan ya ɓata, wasu su fara duba rijiya da tabki da ƙoramar da ta kawo ruwa, wasu su bi inda zuciyarsa take: tsohon gida, gonar gado, tasha. A yi sanarwa a lasifikar masallaci da rediyo cikin awar farko.

A cikin gida, rijiya ta sami murfi mai nauyi. Maganin ƙwari na gona, shinkafar ɓera da fetur na kwalba su shiga akwati mai kwaɗo. A rufe kan tukunyar gas bayan girki. Hanyar makewayi ta sami fitila. Ɗaure mutum da igiya ko kulle shi shi kaɗai a ɗaki, littafin ya hana kai tsaye: yana ƙara firgici, yana kashe ƙafafu, yana jawo gyambo.

12 ga Agusta

Babin masu jinya ya fi kowane wuya. Adar ƙasar tafiya ce, maza suna Abijan ko Libiya ko Nijeriya, jinyar uwa da uba ta faɗa kan suruka, wadda ga goyo ga daka ga ɗiban ruwa, kuma ita ce ba ta da bakin yin ƙorafi. Ita ce ma ake fara zargi. Tsohuwa takan ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ko cikin ƙwarya, ta manta, ta ce matar ɗanta ta sace. Ɗa yana nesa, ya ji a waya, aure ya girgiza. An rubuta saƙon murya na musamman don mazan da ke waje: zargin sata alamar ciwon ce. A gida kuma a koyi maɓoyarta, a ce “Inna, mu duba tare”, kada a yi rantse-rantse.

Daga la'asar sakaliya zuwa magariba rikici yakan tashi. Tsohuwa ta ɗaure kaya ta ce za ta gida, tana nufin gidan ubanta na shekara saba'in da suka wuce. Musu ba ya amfani. Abin da aka sa a littafin: “To Inna, mu sha hura tukuna, sai mu tahi.” A zaga da ita tsakar gida, a ba ta wake ta tsince ko carbi. Idan ta tambayi mijinta da ya rasu, kada a riƙa sabunta mata mutuwar kullum, a ce “kina tunaninsa, Inna? Ba ni labarinsa.” Dattijo kuma Baba ne ko Malam ko Alhaji har ƙarshe, ba a yi masa maganar yara. Kafin a ce ya yi faɗa, a duba ciwo, yunwa, fitsari, ko kwana nawa bai yi bayan gida ba.

Akwai nau'i biyu na ciwon da ake saurin kai wa ga iskoki. Ɗaya mai ganin mutane ko dabbobi a ɗaki ƙarara, ga taurin jiki da tafiya da ƙananan taku. Irin wannan haloperidol, maganin kwantar da hankali, yana iya yi masa mummunar illa, shi ya sa magungunan kwantar da hankali sai likita, sai kuma akwai haɗari na gaske. Ɗayan yakan fara tun shekara 50 da wani abu, da zubewar kunya: mutum mai kamun kai ya fara batsa ko cin abincin wani, tunaninsa kuwa bai lalace ba tukuna. Addu'a da tofi ba mu hana kowa ba. Abin da muka hana shi ne duka, da turaren da ke shaƙe numfashi, da jiƙon da ke sa gudawa.

Maganar maita ta sami shafi guda. Tsohuwar da ke fita da dare tana kiran sunayen matattu, idan aka tsare ta da tambaya tana iya amsa laifin da ba ta san shi ba. Rele ya kai maganar ga liman da mai unguwa tun kafin ta bazu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An zana jadawalin mako: wa ke kwana, wa ke wanka, wace rana mai jinya za ta fita ta huta yini cur. Daga kuɗin da ake aikowa a ware na mai taimako. Mai jinyar da ta daina barci, take kuka, ko ta ji hannunta na son kai duka, ita ma a kai ta likita. Mun ɗauki tsarin wannan babi daga iSupport, jagorar OMS don masu jinya, misalan kuwa na gidajenmu ne.

22 ga Satumba

Jiya 21 ga wata, ranar cutar Alzheimer ta duniya, ta faɗo Lahadi, ranar kasuwar Tawa, aka saurar da mutane saƙonnin murya. Waɗanda suka wuce minti biyu ba a kai ƙarshensu, don haka za a datsa su, kowane saƙo magana ɗaya.

An kammala babin kwanciya. Wanda ba ya tashi a juya shi duk awa biyu, a duba diddige da ƙugu da ƙashin gindi. Jan da bai ɓace ba idan aka danna da yatsa, farkon gyambo ne, kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi. Roba ta zauna ƙarƙashin zane, kada ta taɓa fata. A kai shi makewayi ko a kawo fo duk awa biyu zuwa uku ba sai ya nema ba. Abinci a zaune tsaye, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, ya ƙara minti 30 a zaune bayan ya gama. Idan ruwa yana sa shi tari, kunu mai ɗan kauri ya fi wucewa lafiya, kuma ɗura ta hana, don abin da ya kauce zuwa huhu shi ke kawo ciwon da ya fi kashe su. A goge baki da asuwaki mai laushi safe da dare. Wanda ba ya magana, ciwo a fuskarsa da nishinsa ake gani. Paracetamol bisa umarnin majo, kada ya wuce giram 3 a yini, ƙasa da haka ga ramamme.

Saura shafin dukiya: wa zai riƙe gona da dabbobi da kuɗin fansho idan mai su ya kasa, da yadda za a hana a sa shi dangwala hannu a takardar sayarwa. Wannan sai an zauna da malamai da masana shari'a bayan girbi. Rele na wajen Abalak da Cintabaraden sun nemi saƙonnin da Tamajak da Fulatanci, kuma a can ma sai an sake zaman neman sunan ciwon daga farko.